Wa Ya Ga Celestina?

Shekara goma sha ɗaya Zinatu tana zuwa Birmingham don ta ga Celestina, shekara goma sha ɗaya Celestina tana yi kamar ba ta gan ta ba. Ba a ɓoye take zuwa ba, kuma ba ta taɓa tsallaka titi ba. Ranar Alhamis ta ƙarshen watan Agusta, da ƙarfe biyu na rana, lokacin da masu aikin safe ke tashi daga gidan kula da tsofaffi inda Celestina ke aiki, sai Celestina ta tarar da ita tsaye a tashar bas ta ɗaya hannun, da mayafinta, da jaka a rataye. Su haɗa ido sau ɗaya. Celestina ta kau da kai, ta shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarta. Zinatu ta gyaɗa kai ita kaɗai, ta hau bas mai zuwa tashar jirgin ƙasa, ta koma Manchester. Ziyarar ke nan gaba ɗayanta.

In ka tambayi mutanen cocinsu wace ce Celestina Bitrus, za su ce maka ai Maman Asher ce, mai kunun gyaɗa, wadda ba ta barin magana ta kwana. Gajeriya ce mai saurin tafiya, shekarunta sittin da biyar, amma har yau tana ɗaga tsoho daga gado ba tare da nishi ba. Shekara ashirin ta yi tana aikin nas a Jos, har ta kai ana gyara tsayuwa in ta shigo ɗakin marasa lafiya. Ta zo Ingila aka ce sai ta sake jarrabawa. Ta zauna sau biyu, Turancin da ya ishi likitocin Jos bai ishi masu jarrabawa ba, ta yi zuciya ta bari. Tun daga nan take wanke tsofaffin Turawa, tana ba su abinci a baki, suna kiranta Tina domin sauran sunan ya yi musu nisa. Mijinta ya rasu tun kafin ta taso. Ɗanta Asher yana Leeds da matarsa, yana kira ran Lahadi in ya tuna. Tana da ɗaki biyu a hawa na huɗu a Erdington, da tukunyar barkono a taga wadda ba ta taɓa yin ɗa ko guda ba. Mace ce mai riƙon amana, wannan ba mai musu. Matsalar ita ce in ta riƙe mutum a zuciya, da irin wannan amanar take riƙe shi, ba ta yarwa.

Ita da Zinatu ba a Ingila suka haɗu ba. A kan benci suka haɗu, suna 'yan shekara bakwai, a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo mai suna Tashar Ɗorawa, a makarantar da kowa ke kira makarantar Baƙar Baturiya. Mai makarantar baƙar fata ce daga Amurka, sunanta Ozella, mutanen gari suka gyara mata shi ya koma Malama Uzaila. Ba mishan ce ta aiko ta ba, ba gwamnati ba. Da ƙafarta ta zo, da akwatin littattafai, ta roƙi fili kusa da tasha ta gina aji biyu na jar ƙasa. Ta tara 'ya'yan leburorin reluwe, da na mahauta, da na masu haƙar kuza, na masallaci da na coci, duk waɗanda sauran makarantu suka ga ba su isa ba.

Abin da ya bambanta makarantar da saura shi ne kiran suna. A can ba wanda ke amsa sunansa da bakinsa. Ranar da ka shiga za a haɗa ka da abokin benci, kuma da gangan Malama take haɗa ɗan Musulmi da ɗan Kirista, shi ne naka har ku gama. In an kira sunanka sai ka yi shiru, abokinka ya miƙe ya ce, “Yana nan, Malama, na gan shi.” In ba ka zo ba, sai ya faɗi inda kake, kuma sai ya je ya gan ka da idonsa kafin ya faɗa, domin “na ji an ce” ba amsa ba ce. Wanda aka gani, a ja masa sanda a rajista, ko yana kwance a gida. Wanda aka kira sau uku ba mai amsa masa, a zagaya masa sifili, ko yana zaune yana kallon Malama. Rajistar ba ta wanda ya zo ba ce, ta wanda aka gani ce.

Malama ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba. A makarantar katako da ta yi tana yarinya a kudancin Amurka, wadda aka ware wa baƙaƙen fata, yaro kan ɓace lokacin ɗibar auduga, ko ya ɓace saboda abin da ya fi auduga muni, kuma ba hukumar da za ta tambaya. Sai malaminsu ya rataya tambayar a wuyan yaran. Takan ce da Hausarta mai gargada, “Mutum ba ya shaidar kansa.” Shekarar da ƙyanda ta kwantar da Celestina, kwana goma sha tara Zinatu tana bi ta bayan barikin reluwe tana leƙa taga kafin ta wuce makaranta, uwar Celestina tana korarta da tsintsiya kada ta ɗauka. In kuwa yaro ya mutu, kuma a wancan zamanin yara na mutuwa, abokinsa zai ce, “Ya riga mu, na san inda yake kwance,” a ja layi a gaban sunan. Shi kuma da ya zama maraya, sai Malama ta tambayi aji, “Wa ya gan shi?” Duk wanda ya amsa ya ɗauke shi ke nan. Ba a taɓa yin tambayar sau biyu ba, rige-rige yara suke yi.

Malama Uzaila ta tsufa ta rasu a Tashar Ɗorawa, ɗalibanta suka watsu a duniya. Wajen arba'in daga cikinsu suka tsinci kansu a Ingila, likitoci da injiniyoyi a Manchester, masu jinya da direbobi a Birmingham, suka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Dakta Musbahu, ɗan tsohon mai buga ƙararrawar makarantar, shi ya zo da tsohuwar rajistar daga gida don a ɗinke ta a ƙara mata shafuka, bai samu mayar da ita ba. Duk Asabar ta ƙarshen Agusta sukan taru, bana a nan baɗi a can, a ci masa da gwate, a kira suna irin na Malama. Sun ji labari cewa tsofaffin ɗaliban makarantar katakon can sun gyara gininsu, mutane suna zuwa kallo, su ma suka fara zancen rufin kwano da sabon fenti. Zinatu a lokacin tana aikin haɗa magani a wani asibiti da ke Oxford Road, mijinta likita, gidansu a Whalley Range mai ɗakuna shida. Amma in Celestina ta je, a gado ɗaya suke kwana suna gulmar mutane.

Sai rikicin nan na Musulmi da Kirista ya zo can gida. Wa ya fara, wa ya rama, wannan kowa da bakinsa. Cikin kwana biyu rabin Tashar Ɗorawa ya zama toka, har da makarantar, kowane ɓangare ya rantse ɗayan ne ya sa wuta. Nentawe, autansu Celestina, wanda ke koyarwa a makarantar, an tsinci gawarsa a ƙofar gidan iyayen Zinatu. Aka ce ya yi ta bugun ƙofa ba a buɗe ba. Daga baya aka ce ai gidan ba kowa, su ma sun gudu tun asuba, har an kashe ƙanin mahaifin Zinatu a hanya. Celestina ta ji wannan ma, ba za ta ce ba ta ji ba. Amma labarin farko ya riga ya shimfiɗa tabarma a zuciyarta, na biyu ya zo ya tarar ba wuri.

Taron wannan shekarar a Birmingham aka yi, wata huɗu bayan rikicin. Dakta Musbahu, wanda shi ma a cikin wutar ya rasa mahaifinsa, ya buɗe rajista yana bin benci-benci. Da ya zo kan “Zinatu Haladu”, Zinatu na zaune kafaɗarta na taɓa ta Celestina. Celestina ta zuba wa bango ido. Ya sake kira. Ya kira na uku, muryarsa har tana roƙo. Ba ta motsa ba, ya zagaya sifili. Sannan ya kira, “Celestina Bitrus.” Zinatu ta miƙe, hawaye na bin mayafinta, ta ce, “Tana nan, na gan ta.” Wannan amsar ta fi zagi yi wa Celestina ciwo. Ta ɗauki jakarta ta fita, kusan rabin zauren ya bi bayanta. Fushin kaza ne, huce kan dami, ita ma ta sani. Amma ga Nentawe a ƙasa, ga wanda ya kashe shi ba suna ba fuska, ga Zinatu kusa.

'Yan Birmingham suka kafa tasu ƙungiyar, suka ce kowa ya amsa sunansa da bakinsa. Abin bai yi armashi ba, domin ba wanda zai taso daga Coventry don kawai ya sanar da jama'a cewa yana nan. Shekara uku ta mutu murus, ba abin da ya rage sai zauren waya inda ake turo hoton fure da barka da safiya. 'Yan Manchester suka riƙe rajista, suka riƙe doka da taurin kai irin na tsofaffi. Wanda abokin bencinsa ya bi Celestina ba maraya ba ne, tunda abokin na da rai, don haka ba mai ɗaukarsa. Sai ya zauna duk shekara a kira shi sau uku a zagaya masa sifili. Gini ya ƙone, kabarin Malama ya ɓace cikin ciyawa, abin da ya rage na makarantar Baƙar Baturiya a duniya littafi ne guda, shi ma ya cika da sifili.

Zinatu ce kaɗai ta ƙi daina amsawa, kuma tunda ba za ta ce ta gani ba alhali ba ta gani ba, sai ta mayar da zumuntar ƙafa. Sau biyu Celestina tana canza wurin aiki, sau biyu tana fitowa ta tarar da mayafin a tsallaken titi. Takan ce a ranta, iyayi ne, so take a ce ita ce ta Allah. Amma ba ta taɓa yarda an canza mata aikin wannan Alhamis ɗin ba, kuma ranar ce kaɗai take sa 'yan kunnenta na zuwa coci ta tafi wankin tsofaffi. Bara ta fito ta ga Zinatu da sanda, mayafin ya yi mata yawa, fatarta ta yi wani irin haske. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, balle idon da ya yi shekara ashirin a asibiti. Celestina ta sauke ƙafa ɗaya daga bakin titi. Bas ta shiga tsakaninsu, ta tsaya, ta wuce, Zinatu na nan tsaye ba ta hau ba. Ba abin da ya rage tsakaninsu sai taku goma sha biyar. Celestina ta mayar da ƙafarta, ta ce a ranta sai baɗi.

Baɗin ta zo. Ta sa 'yan kunne, ta fito ƙarfe biyu daidai, tashar tsallake ba kowa sai wani Bature da karensa. Ta bar bas ɗinta ta wuce, ta bar ta biyu, ta bar ta uku. Abin da ya fara zuwa mata ba tsoro ba ne, haushi ne: ashe dai ta gaji, ashe haƙurin nata yana da iyaka. Da wannan haushin ta kwana. Da safe ta kira Murna, wata 'yar cocinsu da ta daɗe tana zargi.

“Murna, mutuniyarki ba ta zo ba.”

“Wace mutuniyar tawa, Mama?”

“Kada ki raina min hankali. Wa yake ba ta address ɗina duk shekarun nan in ba ke ba?”

Murna ta yi ƙasa da murya.

“Mama, I thought kin ji. Hajiya Zinatu ta rasu tun May. Cancer ce. Na so in faɗa miki, wallahi na so, amma ke kika ce duk wanda ya ambaci sunanta a gabanki kada ya ƙara taka flat ɗinki.”

Ita ta faɗa, ba ƙarya aka yi mata ba. Ta ajiye wayar a kan tebur ta zauna. Kuka bai zo ba, tunani ne ya zo, mai sanyi. Gobe Asabar. Gobe Dakta Musbahu zai kira Zinatu Haladu, kuma ba wanda ke da ikon cewa ya san inda take kwance sai abokiyar bencinta. In ba ta je ba, ba za a ja layi ba. Sifili za a sake zagayawa, bana da baɗi da duk shekarar da littafin ya rage, Zinatu ta zama wadda ba a gani ba tana raye, ba a kuma san inda ta kwanta ba. Celestina ta kira wurin aiki ta ce gobe ba za ta zo ba, karo na farko cikin shekara tara.

Motar ƙarfe bakwai ta shiga. Kafin sha ɗaya tana tsaye a ƙofar gidan Whalley Range, tana kallon maɓallin ƙararrawa. Ta tuna wani da ya taɓa tsayawa a ƙofar mutanen gidan nan, ta danna da ƙarfi. Aka buɗe nan take. Widad ce, 'yar Zinatu, wadda Celestina ta goya a bayanta tana jaririya, yanzu ta zama mace mai 'ya'ya biyu, da idon uwarta sak.

“Anti Celestina,” in ji ta. Ba tambaya ba ce, ba kuma maraba ba.

“Widad. Ya ƙarin haƙuri?”

“Mun gode Allah.”

“Jiya na ji. Ki kai ni inda take.”

Widad ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan 'yan kunnen, sannan ta koma ciki ta ɗauko makullin mota. Suka kama hanya. Sai a wata danja Widad ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Kin san ta yi booking ɗin train na Thursday tun April? Tana kan gadon hospital ta sa na yi mata a phone ɗina. Na ce, Mummy, ko toilet ba kya iya zuwa da kanki. Ta ce in yi dai, sayen ticket da wuri ya fi araha.” Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Shekaranjiya reminder ɗin ya shigo min. Ina tsakiyar shift.”

Celestina ta buɗe baki.

“No, Anti, don Allah. Ba ni za ki faɗa wa ba.”

Maƙabartar tana kudancin gari, ɓangaren Musulmi can ƙarshe. Widad ta nuna da hannu ta tsaya baya. Layi na uku daga shinge, kabari na biyar, kusa da wata bishiya da Celestina ba ta san sunanta ba. Ƙasar ba ta gama kwantawa ba, ba dutse tukuna, sai ɗan allo da lamba. Ba ta san me ake yi a kabarin Musulmi ba, ita da ta yi shekara bakwai tana shan ruwa da su da azumi. Ta cire takalmi, ta tsaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ta zaci baƙin ciki ne zai kayar da ita, ashe kunya ta fi shi nauyi.

“Zinatu, ni ce,” ta ce. “Na gan ki. Duk zuwan da kika yi na gan ki. Bara ma na ga sandar.”

Ta jira kaɗan, kamar yadda ake jira in an yi sallama. Sannan ta maimaita lambar allon sau uku don kada ta ɓace mata, ta sa takalminta.

Taron a Salford ake yi, a wani ƙaramin zaure kusa da layin taragon cikin gari. Da can sai an ƙaro kujeru, yau mutum goma sha bakwai ne, duk furfura, wasu da sanda. Hoton Malama Uzaila na jingine a kan tebur, ƙamshin masa da miyar taushe ya cika wurin. Da Celestina ta shigo hira ta ɗauke. Amma mutanenmu ko da maƙiyi sai sun gaisa, aka yi mata sannu da zuwa, aka tambayi hanya, aka tambayi Asher, aka ba ta kujera. Ba wanda ya zauna a ta kusa da ita.

Dakta Musbahu ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Ya buɗe rajista, ya gyara tabarau, ya fara daga benci na farko, wanda nasa ne. Ya kira, “Musbahu Tanimu.” Abokinsa Manasseh yana can Wolverhampton da ransa da lafiyarsa, yana cikin waɗanda suka bi Celestina waje. Dakta ya kira sunan kansa sau uku, a natse, ya zagaya wa kansa sifili da hannunsa. Sannan ya kira Manasseh, ya ce da kansa, “Ban gan shi ba,” ya sake zagayawa. Haka aka ci gaba. Celestina ta san labarin sifilin nan tun tuni, amma ji daban, zama a ciki daban. Tsoho ya zauna ya dafa sandarsa ana kiran sunansa, bakinsa a rufe, idonsa a ƙasa. Ta ƙirga tara daga cikin na zaune, ta daina ƙirgawa.

“Zinatu Haladu.”

Ta miƙe.

“Ta riga mu,” ta ce. “Na san inda take kwance.”

Dakta ya dube ta ta saman tabarau. “Da idonki kika gani, Maman Asher?”

“Layi na uku daga shinge, na biyar, kusa da bishiya. Yanzu na baro wurin. Ga ƙasar a takalmina.”

Ya dubi Widad da ke tsaye can baya wajen kwanukan abinci, ta gyaɗa kai. Ya ɗauko rula, ya ɗora, ya ja layi a hankali har ƙarshen shafi. Wata dattijuwa, Hajiya Shifa, ta rufe fuska da mayafi. Aka ce Allah ya jiƙanta, zaure ya amsa da amin, Celestina ma ta ce amin ta zauna. Ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Abin da ya kawo ta ta yi shi, Zinatu ba za ta ƙara shan sifili ba.

“Celestina Bitrus.”

Wallahi duk tsawon hanyar nan daga Birmingham ko sau ɗaya ba ta tuna cewa sunanta ne ke biye ba. Shekara hamsin da takwas ba ta taɓa damuwa da wannan sunan ba, domin kullum yana da mai shi. Ta ji bakinta zai buɗe, ta danne shi. Dakta ya kira na biyu, ya kira na uku, sannan ya ajiye alƙalami.

“Marainiya ce yanzu,” ya ce wa zaure. “Wa ya gan ta?”

Ga ta a zaune, da 'yan kunnenta, a tsakiyar ɗaki, fitila a kanta. Mutum goma sha bakwai suna kallonta. Ba harara ba ce, da harara ce da ta ji sauƙi, domin ta iya ramawa. Kallo ne na mutanen da aka yi shekara goma sha biyu ana kira ba mai amsa musu. Hajiya Shifa ta sauke mayafi ta dube ta ido cikin ido, leɓenta ya motsa, sannan ta haɗiye. A waje tarago ya wuce yana ƙara.

Dakta ya yi abin da ba a taɓa yi ba tun zamanin Malama, ya sake tambaya. “Jama'a, wa ya ga Celestina?”

“Uncle, come on,” in ji Widad daga baya. “Ga ta nan a zaune. Ni na gan ta.”

“Ba kya cikin littafin, 'yata. Ni kuma mai rajista ne, ba na ɗaukar maraya.”

Celestina ta ga zai buɗe baki karo na uku, ta ga tsohon yana roƙo kamar yadda ya roƙe ta a wancan zauren. Ba ta iya jurewa ba.

“Dakta, kada ka wahalar da su,” ta ce. “Zagaya.”

Ya zagaya, ya wuce benci na gaba.

Da aka gama aka buɗe kwanuka, aka zuba mata masa har da ƙari, domin abinci ba ya cikin abin da ake hanawa. Ba ta taɓa ba. Ta je wajen tebur ta ce a nuna mata shafinsu, Dakta ya juyo mata littafin. Sunaye biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda Malama ta rubuta su. A gaban Zinatu sifili goma sha biyu ne a jere, na shekarun da ta zo da kanta ta dafa wa taron nan abinci, sai layin da aka ja yau. A gaban Celestina sanda goma sha biyu, tsaf-tsaf, na shekarun da ta juya baya. Sai sifili guda a ƙarshe, tawadarsa ba ta ko bushe ba, na ranar da ta zo.